Nasabar Dokin Larabawa da Sunayen Ƙasashen da Ake Laƙaba Masa

Duk wanda ya taɓa leƙa kasuwar dawakin Larabawa ta wannan zamani, ko da ƙafarsa ko ta cikin mujallu da hotunan da masu kiwo ke bazawa, ba zai rasa cin karo da waɗansu laƙabobi ba, waɗanda dillalai ke gabatarwa tun kafin su ambaci shekarun doki ko lafiyar ƙafafunsa: wannan ɗan Masar ne zalla, wancan ɗan Folan ne zalla, waccan goɗiya 'yar Rasha ce, ga 'yar Sifen, ga kuma na gidan Crabbet da ke Ingila. Da jin haka sai mai saye, musamman wanda bai daɗe da shiga sha'anin ba, ya ɗauka kowace ƙasa daga cikinsu tana da nata irin doki da ya tsiro a cikinta tun fil'azal bai gauraya da na kowa ba, har ya yarda ya ƙara dukiya mai yawa saboda laƙabin kaɗai. Alhali kuwa idan aka buɗe littattafan nasaba aka bi salsala daki-daki, uba da uwa, kaka da kakan kaka, sai a tarar laƙabin yana ba da labarin hannun da ya yi kiwo da idon da ya yi zaɓe, amma jinin kansa ya sha ƙetare teku da iyakoki, ta hanyar ciniki da kyauta da ganimar yaƙi, har ya zamana da wuya a sami fitaccen ingarma guda wanda ƙasa ɗaya za ta ce nata ne ita kaɗai.

Wajibi ne a fara da mutanen da suka mallaki wannan doki tun farko, watau Larabawa makiyaya na Najadu da hamadar Sham da gaɓar kogin Furatu, irin su ƙabilun Anaza da Shammar da Muɗair. Su ba su san doki da sunan wata daula ba, domin makiyayin da ke bin ruwa da ciyawa daga kudu zuwa arewa bai damu da tutar kowa ba. Abin da suka riƙe shi ne dangin uwa, wanda suke kira rasan, kamar Kuhailan da Saƙlawi da Ubayyan da Hamdani da Hadban da Dahman. Sa'an nan a ƙarƙashin kowane rasan akwai marbaɗ, watau gidan mutumin da turkensa ya shahara da wannan zuriya, shi ya sa ake jin Saƙlawi Jidran ko Hamdani Simri ko Dahman Shahwan. Dukushi yana ɗaukar sunan dangin uwarsa, da sharaɗin ubansa ya kasance asili wanda jama'a suka yi ittifaƙi a kan tsarkin jininsa. Goɗiya kuwa ita ce dukiya, ita ake hawa zuwa hari, ba a rabuwa da ita sai bisa lalura, kuma ko an sayar da ita galibi akan gindaya cewa za a maido wa mai ita na farko 'ya'ya mata daga cikin waɗanda za ta haifa. Idan baƙo ya sayi doki, sai a rubuta masa hujja, dattawa su yi shaida da rantsuwa su buga hatimi. Wannan kula da salsala tsohon abu ne a wurinsu, domin Hishamu Ibnul Kalbi, malamin Kufa wanda ya rasu a shekara ta 204 bayan Hijira, ya wallafa littafi sukutum a kan nasabar dawaki, kamar yadda ya wallafa a kan nasabar mutane.

To, ta yaya Masar ta shigo cikin zancen? Sarakunanta na gidan Muhammadu Ali ne suka tara dawakin hamada, waɗansu ta hanyar yaƙi, tun lokacin da Ibrahim Basha ya ci Dir'iyya a 1818, waɗansu ta hanyar kuɗi. Wanda ya fi kowa himma shi ne Abbas Basha na Farko, wanda ya yi mulki daga 1848 zuwa 1854. Bai wadatu da sayen goɗiya ba sai ya aika manzanni su zauna da shaihunan ƙabilu, su tambaye su daga hannun wa ta fito, wa ya ƙwace ta a wane hari, wace ce uwarta, su rubuta amsa kamar yadda aka faɗa. Wannan kundi yana nan har yau, masu bincike na komawa gare shi. Bayan an kashe Abbas, ɗansa Ilhami bai daɗe ba shi ma ya rasu, aka yi gwanjon garken, wani attajiri mai suna Ali Basha Sharif ya saye kaso mai tsoka daga cikin mafi kyawunsu. Ke nan abin da ake kira jinin Masar, a tushensa, jinin Najadu ne da hamadar Sham wanda aka ɗaure a bargar Alƙahira.

A nan ne waɗansu Turawan Ingila guda biyu suka shigo, Wilfrid Blunt da matarsa Lady Anne, wadda ta iya Larabci sosai, ta kuma san doki sanin da shaihunan ƙabilu suka yarda da shi. Sun ratsa hamada daga Halab zuwa gaɓar Furatu, daga baya suka kai har Ha'il wurin Ibn Rashid, suka sayi goɗiyoyi da ingarmu daga hannun makiyaya kai tsaye, suka kafa gidan kiwo a Crabbet Park da ke yankin Sussex a 1878. Sun kuma mallaki wani lambu kusa da Alƙahira mai suna Shaikh Ubaid, inda suka riƙa tattara abin da ya saura na garken Ali Basha Sharif a lokacin da annoba da bashi suka fara cinye shi. Daga cikin abin da suka saya akwai wani jan dukushi, Saƙlawi Jidran, haihuwar 1887, wanda littattafai suka rubuta sunansa Mesaoud. An kai shi Ingila a 1891, ya yi barbara a can shekara goma sha biyu, sa'an nan a 1903 aka sayar da shi ga wani mai kiwo na ƙasar Folan, wadda a lokacin take ƙarƙashin daular Rasha. Ya kamata mai karatu ya riƙe sunan wannan doki, domin zai sake gamuwa da shi a inda bai zata ba.

Mu ɗauki ingarman da masu kiwon 'yan Masar zalla suke girmamawa fiye da kowane, watau Nazeer, fari, wanda aka haifa a 1934 a gidan kiwo na Ƙungiyar Noma ta Sarki, gidan da bayan juyin mulkin 1952 aka sake masa suna ya zama Az-Zahra'u. Ubansa Mansour haihuwar Masar ne, babu ja. Amma uwarsa, Bint Samiha, 'yar Kazmeen ce, shi kuwa Kazmeen an haife shi a Crabbet a 1916, yana cikin dawaki wajen ashirin da Ƙungiyar Noma ta sayo daga Ingila a 1920 domin ta maido da jinin da ya kuɓuce mata. Uban Kazmeen shi ne Sotamm, haihuwar Crabbet. Uban Sotamm shi ne Astraled, shi ma haihuwar Crabbet. Uban Astraled kuwa shi ne Mesaoud ɗin nan da muka ambata, uwarsa kuma wata goɗiya ce Ubayya da Blunt ya samo daga ƙabilar Saba'a ya sa mata suna Queen of Sheba, wadda ba a Masar aka haife ta ba, ba ta kuwa haihu a can ba. Saboda haka a cikin salsalar dokin da ake ɗauka shi ne ginshiƙin Masar, akwai kakanni uku a jere waɗanda suka buɗe ido a cikin hazo da sanyin Ingila, suka ci ciyawarta. Har wa yau, wanda ya gane darajar Nazeer ya ɗauko shi daga wani ƙaramin turke na karkara, bayan ya riga ya manyanta, ya mai da shi shugaban barga, wani janar ne mutumin Hangari, Tibor von Pettkó-Szandtner, wanda ya taɓa shugabantar gidan kiwo na Bábolna kafin Masar ta ɗauke shi aiki a 1949. Ba na faɗin wannan domin in rage wa Masar daraja. Aikin da Az-Zahra'u ya yi aiki ne mai girma, kuma duk wanda ya ga jikokin Nazeer ya san an yi zaɓe da basira. Abin da nake so a fahimta shi ne cewa tsarkin da ake magana a kai tsarki ne na komawa ga dawakin hamada, wanda Ingila ta taya Masar tsarewa.

Shi kansa laƙabin ɗan Masar zalla, a matsayinsa na ta'arifi mai sharuɗɗa a rubuce, a Amurka aka tsara shi. Bayan masu kiwo na can sun shigo da 'ya'yan Nazeer, kamar Ansata Ibn Halima a 1959 da Morafic a 1965, sai suka kafa ƙungiya mai suna Pyramid Society a 1969, suka ƙayyade cewa doki ba zai ci wannan suna ba sai kowane reshe na salsalarsa ya koma ga waɗansu tushe da suka lissafa, irin su garken Abbas Basha da na Ali Basha Sharif da dawakin da Ƙungiyar Noma ta gina kiwonta a kansu. Suka kuma keɓe ingarmu biyu, Registan da Sharkasi, suka ce duk wanda ya fito daga tsatsonsu ba ya ciki, ko da kuwa an yi amfani da su a Masar. Sakamakon wannan hukunci shi ne, ana iya haihuwar doki a tsakiyar Alƙahira, uwarsa da kakarsa duk haihuwar can, a hana shi sunan, alhali wani da kakanninsa biyar suka rayu suka mutu a Teksas ko a Jamus yana ɗauke da shi ba tare da gardama ba.

Me ya sa aka fitar da Registan? Saboda ubansa, Skowronek, kuma labarin wannan doki shi kaɗai ya isa ya warware mas'alar duka. An haife shi wajen 1909 a gidan kiwo na Antoniny, mallakar wani basarake ɗan Folan mai suna Józef Potocki, a yankin da a wancan lokaci yake cikin daular Rasha, a yau kuma yake cikin Yukiren. Ubansa Ibrahim daga Gabas aka kawo shi, uwarsa kuwa daga tsofaffin garkunan sarakunan Folan ta fito, kuma a kan wannan ɓangare na uwa ne masu tsanantawa suke da saɓani, domin ba kowane reshe ne suka iya kai shi ga hujjar wata ƙabila ba. A 1913 wani Ba'amurke mazaunin Ingila, mai sassaƙa gumaka, ya sayo shi. Ya ratsa hannuwa har Lady Wentworth, 'yar Blunt wadda ta gaji Crabbet bayan rasuwar mahaifiyarta a Alƙahira a 1917, ta mallake shi a 1920. Da an bar shi a gida da wuya ya tsira, domin juyin juya halin Rasha ya hallaka garkunan wannan yanki kusan kaf. A Crabbet aka haɗa shi da wata goɗiya, Nasra, jikanyar Mesaoud ta wajen ubanta Daoud, suka haifi Naseem a 1922. A 1936 gwamnatin Sobiyet ta sayi dawaki 25 daga Crabbet, Naseem na cikinsu, aka kai su gidan kiwo na Tersk a gindin duwatsun Kokasas. A 1939, da yaƙi ya ɓarke, sojan Sobiyet suka kwashe mafi kyawun dawakin gidan kiwo na Janów Podlaski na Folan, suka kora su zuwa Tersk ɗin nan. A cikinsu akwai goɗiya mai suna Taraszcza, wadda aka haɗa da Naseem ta haifi Negatiw a 1945. Shi kuma Negatiw ya haifi Nabor a 1950, aka ba Folan Nabor a 1955, aka kuma ba ta uban nasa a 1962. A 1963 Nabor ya ƙetare zuwa Amurka, inda a 1969 aka yi gwanjonsa a kan dala 150,000, kuɗin da ba a saba jin irinsa a kan dokin Larabawa ba a lokacin.

Yanzu sai mai karatu ya yi wa kansa alƙalanci. Nabor haihuwar Rasha ne, ya shahara a Folan, ya ƙare rayuwarsa a Amurka, kakansa haihuwar Ingila, kakan ubansa haihuwar ƙasar da a yau ake kira Yukiren, kuma a cikin jijiyarsa akwai jinin Mesaoud na bargar Ali Basha Sharif. 'Ya'yansa da 'yan'uwansa da aka haifa a Folan ana kiransu 'yan Folan zalla, danginsu na kusa da suka saura a Tersk ana kiransu 'yan Rasha zalla, alhali uba ɗaya ya haɗa su.

Gidan Tersk kuwa bai taɓa ɓoye cewa tattaro jininsa ya yi daga wurare dabam-dabam ba. Ya fara da dawakin Faransa a 1930, a cikinsu har da ingarma Kann, ya ƙara da na Crabbet, ya ƙara da ganimar Folan, sa'an nan a 1963 gwamnatin Jamal Abdun Nasir ta aika wa Sobiyet da kyautar wani ɗan Nazeer mai suna Raafat, domin godiya bisa taimakon da suka yi wajen gina madatsar ruwa ta Aswan. Rashawa suka sake masa suna Aswan, suka sa shi gaba a barga shekaru masu yawa, har ya zamana kyawun kai da fuskar da aka san 'yan Rasha na baya da su galibi daga gare shi suka samo. Ɗansa Palas ya tafi Folan ya bar zuriya mai yawa a can, wani ɗansa Patron ya tafi Holan, inda aka haɗa shi da goɗiya mai jinin Crabbet suka haifi Padron a 1977, wanda daga baya ya cika Amurka da 'ya'ya.

Folan tana da hujjar alfahari fiye da yawancin ƙasashen Turai, domin sarakunanta sun daɗe suna aikawa hamada. Juliusz Dzieduszycki ya komo da goɗiyoyi uku a 1845, Gazella da Mlecha da Sahara, waɗanda zuriyarsu ta wajen uwa take nan har yau. Kuma a 1931 Bogdan Ziętarski da Carl Raswan suka sayo Kuhailan Haifi daga ƙabilar Ruwala da Kuhailan Afas daga Baharen. Daga Kuhailan Haifi aka sami Ofir, daga Ofir aka sami Witraż, daga Witraż aka sami Bask, haihuwar 1956, wanda aka kai Amurka a 1963 ya zama abin kwatance. Duk da haka, uwar Bask 'yar Amurath-Sahib ce, wanda salsalar ubansa ke komawa gidan kiwo na Weil, na sarkin Württemberg a ƙasar Jamus. A Sifen ma haka abin yake: gidan kiwo na soja ya shigo da ingarmu daga Folan a farkon ƙarni na ashirin, basaraken Veragua kuma ya sayo 'ya'yan Skowronek mata daga Crabbet; da aka kashe basaraken a yaƙin basasa na 1936 takardunsa suka salwanta, aka tsinci waɗansu dukusai waɗanda aka tabbata daga garkensa suke amma ba a iya tantance uwar kowace ba, aka shigar da su rajista da sababbin sunaye.

Malaman hadisi sun daɗe da sanin irin wannan mas'ala a wajen mutane. Mai riwaya yakan sami nisba zuwa garin da ya zauna ko da an haife shi a wani wuri, har an ruwaito daga Abdullahi ɗan Mubarak cewa zaman shekara huɗu a gari ya isa a danganta mutum gare shi. Saboda haka ba su taɓa wadatuwa da cewa wane Bakufe ne ko Babasare ba, sai sun bi sunan ubansa da kakansa da waɗanda ya ɗauki karatu a wurinsu. Laƙabin ƙasa a kan doki nisba ce irin wannan. Tana da amfani, amma ba ta ɗauke wa mutum wahalar bin isnadi.

A zamaninmu kuwa, da jirgin sama ya sauƙaƙa jigila kuma ana iya aika maniyyin ingarma daga nahiya zuwa nahiya, cuɗanyar ta ƙaru ƙwarai. Pianissima, goɗiyar da mutanen Folan ke ambata da ƙauna fiye da kowace a wannan ƙarni, wadda ta ci gasar duniya a birnin Faris, an haife ta a Janów Podlaski a 2003, amma ubanta Gazal Al Shaqab haihuwar Katar ne, aro aka yi aka kai shi Folan. Uban Gazal ɗan Masar ne zalla wanda aka haifa a Amurka, uwarsa Kajora kuma jikanyar Nabor ce. Haka nan Pepita, wadda aka sayar a gwanjon Janów na 2015 a kan yuro miliyan 1.4, kakanta na wajen uba Monogramm haihuwar Amurka ne, jikan Bask, uwarsa kuwa 'yar Tersk. Ƙungiyar Dokin Larabawa ta Duniya, WAHO, wadda aka kafa a 1970, ita ma ba ta san waɗannan rabe-rabe ba a hukuncinta; a wurinta dokin Larabawa tsantsa shi ne wanda sunansa ya bayyana a cikin littafin nasaba da ta amince da shi, ko na wace ƙasa ne.

Da ilmin ƙwayoyin gado ya bunƙasa, sai aka sami shaida ta biyu wadda ba ta dogara da takarda ba. A shekara ta 2000 Ann Bowling ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, tare da abokan aikinta, suka buga sakamakon bincike a kan wani sashe na ƙwayoyin gado wanda ba a gadonsa sai ta wajen uwa, suka tarar akwai dawakin da ke ɗauke da sunan rasan ɗaya amma uwayensu na asali dabam ne, akwai kuma masu sunaye dabam waɗanda uwa ɗaya ta haɗa su. A ganina wannan ba tuhuma ba ce ga amanar makiyaya, domin kundin Abbas Basha kansa ya nuna cewa suna yakan sauya idan goɗiya ta koma wani turke ta yi fice a can, kuma abin da dattawa ke rantsuwa a kai shi ne tsarkinta da hannuwan da ta ratsa. Sa'an nan a 2020 wata tawaga da ta haɗa masana daga Jami'ar Cornell da Jami'ar Florida ta binciki dawakin Larabawa 378 daga ƙasashe 12. Sun tarar 'yan Masar zalla lalle sun keɓanta sun zama rukuni mai alamarsa, abin da ke tabbatar da cewa laƙabin ba iska ba ne. Amma sun tarar wannan keɓewa ta zo tare da yawan auren zumunci a tsakaninsu, domin an rufe ƙofa a kan kakanni 'yan kaɗan. Sun kuma tarar da jinin dokin sukuwa na Ingila a jikin waɗansu dawakin tsere da ke ɗauke da takardar cewa Larabawa ne tsantsa, wanda ke nuna cewa takarda ma, idan babu amana a bayanta, tana iya yin ƙarya. Abin da ya fi kama zuciyata shi ne cewa mafi yalwar jini da bambancin tushe an same shi ne a dawakin Gabas ta Tsakiya, irin na Sham da Baharen da Iran, waɗanda ba su da laƙabin da ke tsada a gwanjon Turai da Amurka.

To, mene ne laƙabin ƙasa yake gaya wa mai hankali? Yana gaya masa manufar da aka yi kiwo a kanta cikin shekara hamsin ko ɗari da suka wuce. Gidajen gwamnati na Folan sun saba kai dukushi filin sukuwa na Warso yana ɗan shekara uku, a gwada ƙafarsa da numfashinsa kafin a yarda ya yi barbara, Tersk ma tana gwada nata a Pyatigorsk, shi ya sa aka san waɗannan da ƙarfi da tafiya mai kyau. Masar da masu bin tafarkinta sun fi karkata ga siririn kai da faɗin goshi da manyan idanu da laushin fata. Crabbet ta nemi dokin hawa mai ƙashi da sanyin hali. Wannan ilmi ne mai amfani, kuma mai saye yana da haƙƙi ya nemi abin da ransa ke so. Inda ɓarna take shi ne a mai da laƙabin abin bauta, a ƙi haɗa goɗiya da ingarman da ya dace da ita don kawai kada 'ya'yan su rasa kalmar zalla, a yi ta mai da jini cikin jini har cututtukan gado su yawaita. Akwai wata cuta ta jijiyoyi da ake haihuwar dukushi da ita, gashinsa ya fito kodaɗɗe, ya kasa tsayawa ya mutu cikin 'yan kwanaki, wadda aka fi samu a zuriyar 'yan Masar, an kuma gano tushenta a ƙwayoyin gado a 2010. Akwai wata da ke hana dukushi garkuwar jiki. Duka ana iya gwada iyaye a gane kafin barbara. Ga shi kuma tarihi ya nuna cewa yawancin ingarmun da suka ɗaga darajar wannan iri daga haɗe-haɗe suka fito, kamar El Shaklan, wanda aka haifa a Jamus a 1975, ubansa ɗan Masar, uwarsa Estopa 'yar Sifen.

Saboda haka ina kira ga duk wanda Allah ya hore wa daga cikin masu sha'awar doki na ƙasarmu, waɗanda suka gaji hawa da kilisa daga iyaye, idan ya yi niyyar sayen dokin Larabawa kada ya biya kuɗin laƙabi. Ya nemi takardar nasaba daga rajistar da WAHO ta amince da ita, ya bi ta aƙalla kakanni biyar ta kowane ɓangare, ya duba sau nawa suna ɗaya ya maimaitu, ya nemi shaidar gwajin jini da ke tabbatar da uba da uwa da kuɓuta daga cututtukan gado, sa'an nan ya sa a fito da dokin fili, ya duba ƙafafunsa da kofatonsa da haƙoransa, ya ga tafiyarsa, ya kuma hau shi da kansa kafin ya ce ya saya.